Kwatano: Garin da Sunansa Ya Koma Sunan Kaya

Lokacin da nake yaro a unguwarmu ta Rikoto, cikin garin Zuru, na ɗauka Kwatano sunan kamfanin ƙera motoci ne, kamar dai yadda ake cewa Peugeot ko Toyota. Ba laifina ba ne kuwa. Idan wani ya yi mota aka taru ana taya shi murna, tambayar farko ita ce, "Sabuwa ce ko kwatano?" Idan inji ya buga, bakanike zai ce sai dai a sayo kwatano a ɗora. Firji kwatano, talabijin kwatano, har taya akwai kwatano.

Wata rana, wajen ƙarshen shekarun 1990, wani kawuna direba ya dawo daga tafiyar mako biyu da wata mota marar lamba, ta yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Na ce masa, "Kawu, wai su Kwatanon nan a wace ƙasar Turai kamfaninsu yake?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Kai yaro, Kwatano gari ne a bakin teku, can ƙasar Benin, daga can nake. Kuma ko ƙusa ba na jin suna ƙerawa."

To, mai karatu, tambayar da ta tsaya mini a rai tun daga ranar ita ce: yaya aka yi garin da ba ya ƙera mota, ba ya noma shinkafar a zo a gani, ya zama shi ne ke ciyar da kasuwanninmu da mota da shinkafa da atamfa da gwanjo, har sunansa ya shiga bakinmu? Amsar tana cikin tarihi, kuma yawancinta a gidanmu take.

Hanya ta girmi iyaka

Tun kafin Bature ya zo, fataken ƙasar Hausa sun san wannan kusurwa ta yamma ciki da bai. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, wadda a zamanin tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, ya ƙetare kogin Neja, wanda kakanninmu ke kira Kwara, ta wajen Illo ko Gaya ko Yawuri ko Bussa. Daga nan sai ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har ya dangana da Salaga a ƙasar Gwanja. Madugu na gaba, jakuna da 'yan alaro na biye, an ɗauko kanwa da tufafin rini da kirgi, za a komo da goro. Cikin manyan fataken wannan hanya akwai Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗannan na ƙarshe su ne masanin tarihi Paul Lovejoy ya danganta tushensu da Gummi, maƙwabciyarmu ta arewa, a littafinsa kan fataucin goro da ya fito a 1980.

A bakin kogi ne ayari ke biyan masu jirgi su fitar da shi zuwa wancan ƙetare, abin da ake biya shi ne kuɗin fito. Ku lura da kalmar nan da kyau. Ita ce daga baya ta zama sunan harajin da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su, kuma ita ce dai ake kiran masu tsallako da kaya ta barauniyar hanya da ita, wato 'yan fito.

A watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba yankin. Ƙasar Bargu ta rabe biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Gaya ta zama ta Faransa, Kamba da ke kusa da ita ta zama ta Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, sai ga shi kuɗi biyu ne, doka biyu, haraji biyu. Duk inda aka sami haka kuwa, farashi zai bambanta tsakanin wannan gefe da wancan, kuma ɗan kasuwa ba ya ganin bambancin farashi ya wuce.

Yadda Kwatano ta tashi

Ita kanta Kwatano ƙaramin ƙauyen masunta ce a ƙarƙashin sarakunan Dahome. Tashar da ta yi suna a wannan gaɓa a da ita ce Wida, inda aka yi ta lodin bayi. Faransawa sun riƙe wata yarjejeniya ta 1868, ta zamanin Sarki Glele, suna cewa an ba su Kwatano, gardamar da ta kai su ga yaƙi da ɗansa Behanzin a 1890, sannan daga 1892 zuwa 1894. A cikin waɗannan shekaru ne suka kafa gadar ƙarfe mai shiga cikin teku, domin gaɓar ba ta da wurin da babban jirgi zai raɓa. Jirgi ya tsaya can nesa, ƙananan jirage su yi ta jigila.

Daga nan suka ja layin dogo zuwa arewa, ya isa Paraku a 1936, tafiyar kilomita 438, ya tsaya cak. Daga Paraku mota ce ke ƙarasawa da kaya Malanbil a bakin Kwara, daura da Gaya. A ƙarshen shekarun 1950 aka gina gada tsakanin garuruwan biyu, a 1959 kuma Dahome da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri. Tashar zamani, wadda manyan jirage ke shiga su yi sauka, ta fara aiki a 1965. Manufar a bayyane take: Nijar ba ta da teku, Kwatano ce ƙofarta. Ba a gina tashar don Nijeriya ba. Mu ne muka mayar da ita tamu.

Haramcinmu, jarinsu

Abin ya soma kankama lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, sa'ad da al'amura suka rikice a Nijeriya, Kwatano ta zama wurin tashin jiragen agaji da kuma mashigar kayan masarufi. Bayan yaƙi kuɗin fetur suka zo, Nijeriya ta shiga sayen kaya daga waje ba ji ba gani. A 1975 jirage fiye da 400, yawancinsu ɗauke da siminti, suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas, wasu har watanni suna jiran layi. Wanda ke da kaya mai gaggawa sai ya karkata zuwa tashar da ke kusa, Kwatano kuwa ba ta da nisa da Legas. Wanda ya ɗanɗana sauƙi sau ɗaya, da wuya ya koma wahala.

Gwamnatin Mathieu Kerekou, wadda ta hau mulki a 1972 ta kuma sauya wa ƙasar suna daga Dahome zuwa Benin a 1975, ta gane inda arziki yake. Duk da cewa ta yi shelar bin tsarin gurguzu, sai ta sassauta haraji a kan irin kayan da maƙwabciyarta ke ƙishirwa. Wasu masana biyu 'yan ƙasar, John Igue da Bio Soule, sun rubuta littafi a 1992 suka raɗa wa Benin sunan da za a iya fassarawa da ƙasar da ta zama sito, wato ɗakin ajiyar kayan wasu.

Da kuɗin fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, Nijeriya ta koma hana shigo da kaya don ta tsimi kuɗin waje ta kuma kare masana'antunta. An hana shinkafa a 1985, hanin bai tashi ba sai 1995. An hana alkama daga 1987 zuwa 1992. Atamfa da gwanjo sun daɗe cikin jerin haramtattun kaya, kajin ƙanƙara suka bi sahu a farkon shekarun 2000. Niyyar mai kyau ce, sai dai an hana shigowa ba a samar da madadi ba, kuma ciki bai san doka ba. Kowane suna da aka ƙara a jerin, sai ya zama sabon ciniki a Kwatano.

Ga yadda abin ke tafiya a wancan zamani, domin a nan dabarar take. Jirgi ya sauke kaya a Kwatano da takardu cikakku, an rubuta cewa kayan Nijar za su. Benin ta karɓi kuɗin tasha da na wucewa, halal ɗinta. Tirela ta ɗauka ta yi tafiyar kilomita fiye da 700 zuwa Malanbil, ta hau gada ta shiga Gaya. Nijar ma ta karɓi nata harajin na kayan da za a sake fitarwa, shi ma halal ɗinta. A jibge kayan a manyan sito-sito na Gaya ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi. Duk wannan doguwar tafiya babu dokar da aka karya. Saura 'yan kilomitoci kaɗan: daga Gaya zuwa Kamba, daga Ƙonni zuwa Illela, daga Maraɗi zuwa Jibiya. Wannan ɗan guntun shi ne aikin 'yan fito, da daddare, a mota ko babur ko raƙumi ko kwale-kwale. Gwamnatoci biyu sun ci rabonsu a rasit, ta ukun, wadda mutanenta ne za su saye kayan, ta tashi a tutar babu, in ban da abin da ke faɗawa aljihu a shingayen hanya.

Akwai kuma batun kuɗi. Sefa tana da mariƙi a Faransa, ana canza ta zuwa kuɗin Turai ba wahala, ita kuwa naira, wadda aka fara kashewa a 1973, a wancan lokaci sai da izinin gwamnati ake canza ta a hukumance. 'Yan canji na bakin iyaka suka cike wannan giɓi. A komowa kuma motocin ba su tafiya wayam, a lokacin da akwai tallafi, fetur mai tallafi ne ke bin jarkoki yana fita, har ya zama yawancin man da ake sayarwa a kwalabe a titunan Kwatano namu ne. A kan wannan ciniki ne manyan alhazan Maraɗi suka ƙara ƙarfi bayan noman gyaɗa ya karye, musamman da sigari da yadi, kamar yadda Bafaranshen nan Emmanuel Gregoire ya bayyana a littafinsa a kansu na 1986.

Wa ya ci, wa ya rasa

Zamanin su Kawu shi ne na motoci. Ana lodo tsofaffin motoci daga Turai, galibi ta tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, shi ya sa wasu ke kiran irin motar Beljiyam. A wajajen 2000 abin da ake saukewa a Kwatano ya kai mota dubu 200 a shekara, kuma kowa ya san mafi yawansu Nijeriya suka nufa. Malamin makaranta da tsohon soja mai fansho, irin waɗanda Zuru ke da su da yawa, da ba za su taɓa mafarkin sabuwar mota ba, suka hau tasu. Uwa ta sami suturar sanyi ta 'ya'yanta a gwanjo, daga dilolin da aka kwance a Gaya. Direbobi da 'yan kamasho da bakanikai da masu abinci a tasha duk suka sami na tuwo. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce a rufe iyaka ba tare da ya tuna da waɗannan mutane ba, bai gama lissafi ba.

Amma faɗuwar wani tashin wani. A shekarun 1980 Nijeriya na da masaƙu fiye da 100. Unguwar Kakuri a Kaduna, da Bompai da Sharaɗa a Kano, har da masaƙar Gusau, suna ɗaukar dubban ma'aikata, suna sayen audugar manomanmu. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Atamfar Sin mai araha, wadda sau da yawa kwaikwayon zanen namu ce, ta bi ta Kwatano da Maraɗi ta cika Kantin Kwari. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masaƙar da ba ta da wutar lantarki sai janareto, injinanta sun tsufa, audugarta ta yi ƙaranci, ko babu ɗan fito ɗaya a duniya da ƙyar za ta kai labari.

Rufe ƙofa

An gwada rufe iyaka ba sau ɗaya ba. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. A Agustan 2003 Shugaba Obasanjo ya rufe iyakar Benin na 'yan kwanaki saboda fashi da satar motoci. Kowane karo, ana buɗewa ciniki ke komawa inda ya tsaya.

Karo na baya shi ne ya fi shafar mu mutanen Kabi, domin a kan shinkafa aka yi shi. A 2013 harajin shinkafar waje ya kai kashi 110 cikin 100 a tashoshin Nijeriya. Nan da nan Benin, ƙasa mai mutum wajen miliyan 12, ta zama kan gaba a duniya wajen sayen shinkafar Tailan a 2017 da 2018. Abin dariyar shi ne yawancinta mai gumi ce, wadda aka turara kafin a cashe, irin wadda mu muke ci, su kuwa mutanen Benin fara suka fi so. Ba sai an yi duba ba kafin a san tukunyar da za ta faɗa.

A daidai lokacin jiharmu ta zama abin misali. A Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Kabi da Legas ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. An hana shigo da shinkafa ta iyakar tudu a 2016, motoci kuma daga farkon 2017. Sannan a ranar 20 ga Agusta, 2019, aka garƙame iyakokin baki ɗaya. Sai Disambar 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Illela da Maigatari, ita kuwa Kamba sai Afrilun 2022.

Kawuna yana cikin waɗanda dokar 2017 ta sauke daga mota. Ya koma fadamar gidansu ya kama noman shinkafa, sai ga mutumin da ya yi shekara ashirin yana cin abinci daga Kwatano ya koma tsine wa shinkafa 'yar waje. Shekarar da aka rufe iyaka ya sayar da shanshera da daraja, har ya sake rufin ɗaki. A gida ɗaya kuma matarsa na kukan tsadar mudu, domin buhun shinkafa ya haura naira dubu 20 kafin ƙarshen 2019, ya ci gaba da hawa har ya doshi dubu 100 a wasu kasuwanni a ƙarshen 2024. Ita kuma 'yar waje ba ta ɓace ba, kuɗin fitonta ne ya ƙaru, wani lokaci a juye ta a buhun 'yar gida. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa a jihar, matsalar 'yan bindiga kuma ta raba manoma da gonakinsu a sassan masarautar Zuru, musamman wajen Danko-Wasagu da Sakaba. Shinge a bakin iyaka ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya girgiza tsarin sosai ya zo ne a 2023, kuma ba daga wajen masu tsaron iyaka ba. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, farashin man kwalba ya yi tsalle a Kwatano cikin 'yan kwanaki, abin da shekaru na kame bai yi ba. Faɗuwar darajar naira ta sa kayan sefa suka yi mana tsada, har hatsinmu ya koma shi ke fita. Sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli ya jawo takunkumin ECOWAS, aka toshe gadar Malanbil da Gaya. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka bar nasu gefen gadar a rufe, manyan kayansu suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Mutanen bakin kogi kuwa suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, wato fito a kwale-kwale, ga gada tsaye suna kallonta.

Abin da tarihin ke nunawa

Idan aka jera waɗannan shekaru, abu ɗaya ne ke ta maimaita kansa. Cinikin Kwatano na kumbura duk lokacin da sayen kaya ta Legas ya fi tsada ko ya fi wahala, yana kuma sacewa duk lokacin da bambancin farashi ya ragu. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen Benin ba su yi mana asiri ba, sun dai gyara tasharsu, har sun ɗauko ƙwararru daga Antwerp a 2018 su gudanar da ita, suka zauna suna jiran dokarmu ta gaba.

Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. An buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki a 2023, akwai tashoshin tudu a Kaduna da Kano, an kuma aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Idan waɗannan suka yi aiki yadda ya kamata, ɗan kasuwar Jega ko Zuru zai iya karɓar kwantenarsa cikin kwanaki, da haraji guda sananne, ba sai ya zagaya ƙasashe biyu ba. Shi kuma manomi irin Kawu, abin da zai kare shi daga manomin Tailan shi ne taki mai sauƙi, da ruwan rani, da hanya, da injin casa mai wuta, da kwanciyar hankalin kwana a gona. In ya samu waɗannan, buhunsa zai yi gogayya da kowane buhu. In bai samu ba, kowace rufewar iyaka ɗan jinkiri ne kawai, wanda matarsa za ta biya kuɗinsa a kasuwa.

Da na je gida a damanar bara na tarar da shi yana fama da injin ban ruwa da ya ƙi tashi. Na ce, "Kawu, ai sai a sayo sabo." Ya ɗago ya dube ni, ya goge hannu a jikin riga, ya ce, "Sabo? Da wane kuɗin? Ka dai tambaya mini ko za a samu kwatano mai ɗan sauƙi."